Salansa Ɗaya Ko Biyu? Lacca Ga Makanikai, Masu Walda Da Samarin Birnin Kudu Da Gwaram



Iyayena dattawa, shugabannin makanikai da masu walda, 'yan'uwana direbobi, da ƙannena samari da na ga sun cika bayan ɗakin nan, ina gaishe ku. Mutanen Gwaram da suka yi sammako, har da na Sara da Basirka, sannunku da hanya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

An ce in yi magana a kan salansar motocin tsere da na gayu: wace ta fi, mai bututu ɗaya ko mai biyu? Na san wani zai ce ina ruwan Birnin Kudu da Ferrari, mu da muke fama da Golf da Sharon da Corolla. Ruwanmu babba ne. Abin da yaro ya gani a bidiyon TikTok da daddare, shi yake kawo wa mai walda da safe. Ba a daɗe ba wani saurayi ya kawo mini Corolla, an tsaga mata salansa gida biyu, an saka mata manyan bakuna masu ƙyalli kamar gwangwanin madara. Kukansa shi ne mota ta daina jan tudu yadda ta saba, fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, ga wari yana shigowa ta kujerar baya. Kuɗin da ya kashe ya isa ya sauya tayoyi biyu. Tun ranar na ƙudurta cewa duk inda aka ba ni damar magana, sai na yi bayanin nan dalla-dalla.

Mu fara daga cikin inji, domin can ne amsar take. Injin mota bugu huɗu yake yi: fistan ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kowace silinda sau ɗaya take fashewa a cikin juyi biyu na karanshaf. Ke nan hayaƙi ba zuba yake yi kamar ruwan famfo ba. Dunƙule-dunƙule yake fita, kamar iskar zugazugin maƙeri. Inji mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti yana tofar da dunƙule 100 a kowace daƙiƙa. Mai silinda 8 yana tofar da 200. Ku riƙe wannan, domin duk sauran maganata a kansa take tsaye.

Kowane dunƙule yana fita da zafi da gudu, kuma idan ya wuce yana barin gurbi a bayansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kano lokacin da tirela ta wuce a guje ya ga yadda leda da ganye suke tashi su bi bayanta. Haka dunƙulen hayaƙi yake jan na bayansa. Idan maƙerin mota ya daidaita tsawon bututu da faɗinsa, wannan jan yana isa bakin bawul daidai lokacin da silinda ta gaba take buɗewa, sai ya tsotse mata ragowar hayaƙi, sabuwar iska ta samu wurin shiga. Silindar da ta yi numfashi sosai ita ke ba da ƙarfi.

A nan nake so in gyara wata magana da ta yaɗu a garejojinmu. Ana cewa inji yana buƙatar a ɗan toshe masa hayaƙi kafin ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Toshewa ba ta taɓa ƙara wa inji mai bugu huɗu komai ba sai zafi da shan mai. Abin da yake buƙata shi ne gudun hayaƙi. Masu noman rani a fadamunmu sun fi kowa sanin wannan. Ka ɗauki injin ban ruwa mai inci 2 ka ɗaura masa tiyo mai faɗin gaske, ruwan zai riƙa fita a kasalance. Ka ɗauki babban inji ka ɗaura masa siririn tiyo, zai yi ta gurnani yana wahala. Kowane inji da faɗin da ya dace da shi. Shi ya sa waccan Corolla ta mutu a tudu: an raba ɗan hayaƙinta cikin manyan bututu biyu, gudu ya ragu, jan nan da na faɗa ya ɓace, musamman a ƙaramin juyi inda muke yin yawancin tuƙinmu.

Ga ɗan lissafi, ku yi haƙuri da shi, yana da amfani ga mai walda. Faɗin bakin bututu ba a auna shi da ido. Bututu mai inci 2, filin bakinsa inci murabba'i 3.14 ne. Guda biyu sun ba da 6.28. Amma bututu ɗaya mai inci 3, filin bakinsa 7.07 ne. Wato bututu ɗaya mai inci 3 ya fi biyu masu inci 2 ɗaukar hayaƙi, kuma bai kai su nauyi ba. Sai ka haɗa biyu masu inci 2.5 kafin ka kai 9.8, abin da ya yi kusan daidai da guda ɗaya mai inci 3.5. Don haka mai cewa biyu ta fi ɗaya, sai ka tambaye shi: biyu masu wane faɗi?

To me ya kawo salansa biyu tun farko? Siffar inji ce ta kawo ta. Injin Corolla da Golf da Peugeot 406 mai silinda 4, silindoji a jere suke layi guda, bawulolin hayaƙinsu duk gefe ɗaya suke kallo, manifol ɗaya ke tattara su. Amma V6 da V8, layi biyu ne da suka buɗe kamar ƙafafun almakashi, kowane layi da manifol ɗinsa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tun daga inji hanya biyu ce. Ga kuma yawan abin da za a fitar. Inji mai lita 1.8 a juyi 3,000 iyakar iskar da zai zuƙa lita 2,700 ce a minti. Ford Mustang mai V8 lita 5 idan aka taka mata totur ta kai juyi 7,000, lissafin ya kai lita 17,500, kuma zafin wuta yana kumbura wannan iskar ta ninka kafin ta fita. Bututu ɗaya da zai ɗauki wannan sai ya yi faɗin da zai riƙa dukan ƙasa, ga motar tsere kuwa dama a kwance take. Sai aka ga gara a shimfiɗa matsakaita guda biyu. Larura ce ta haifar da ita, ado daga baya ya zo.

Ko a waɗannan manyan motocin ma, injiniyoyi ba su bar bututun biyu kowa ya kama gabansa ba. Yawancin V8 na Amurka, irin na Mustang da Corvette, fashewar silindojinsu ba ta tafiya dama, hagu, dama, hagu a tsare. Akwai inda silinda biyu na layi ɗaya suke fashewa a jere, sai bututun wannan gefe ya cika alhali ɗayan yana hutawa. Wannan rashin daidaiton ne ke ba su gurnanin nan mai kauri da samari suke so. Maganinsa shi ne a haɗa bututun biyu a tsakiyar mota, ko da ɗan gajeren bututu a gicciye mai siffar harafin H, ko a sa su ratsa juna kamar harafin X. Mai H ta fi ba da murya mai kauri, mai X ta fi kaifin murya kuma ta fi dacewa da babban juyi. Motar tseren Ford GT40, wadda ta ci gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, har ƙetarar da bututun wasu silindoji aka yi daga wannan layi zuwa wancan don dunƙulen hayaƙi su jeru a tsare. Suka cukurkuɗe a saman akwatin giya har Turawa suna kamanta su da tarin macizai. Ferrari kuwa wata hanya ta bi: karanshaf ɗin V8 ɗinta shimfiɗaɗɗe ne, fashewar tana karɓa-karɓa tsakanin dama da hagu, shi ya sa muryarta siririya ce mai tsini. Ku lura, bambancin muryar Ferrari da Mustang daga karanshaf ya taso. Babu mai waldar da zai saka wa mota muryar da injinta ba shi da ita. Kakaki da algaita duka busa su ake yi, amma ba a jin muryar ɗaya daga bakin ɗaya.

Yanzu ga abin da zai ba wasunku mamaki. Motocin Formula 1, waɗanda babu kamarsu a tseren da'ira, tun daga 2014 suke amfani da V6 mai lita 1.6 da turbo ɗaya, kuma babban bututun hayaƙinsu ɗaya ne tak a tsakiyar baya. Dalili shi ne turbo hayaƙi ke juya shi, dole a tara hayaƙin duka silindoji a kai masa, daga nan kuwa hanya ɗaya ce mai faɗi. Toyota Supra ta 1993 mai turbo, wadda samarin duniya suke bege har yau, da baki ɗaya ta fito daga kamfani. Mazda MX-5 da ta fito a 1989, wadda zuwa 2016 aka ƙera guda miliyan ɗaya, ita ma ta farkonta baki ɗaya gare ta. Babu wanda ya ce waɗannan ba motocin wasa ba ne.

Tarihi ma ya taɓa yanke hukunci a kan lamarin. A Amurka, bayan dokar tsabtace iska ta 1970, daga motocin shekarar 1975 aka fara saka tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikanmu suke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Tana da tsada, don haka kamfanoni suka haɗe bututun V8 biyu suka zuba su cikin indomi ɗaya. Corvette ta 1975 haka aka yi mata: hayaƙi ya haɗu wuri ɗaya, sannan ya sake rabuwa a baya don a ga baki biyu. Ƙarfin ƙaramin injinta a wannan shekarar doki 165 ne kacal, ko da yake akwai wasu sauye-sauyen cikin inji da suka taimaka wajen wannan faɗuwar. Daga baya da aka ƙware wajen ƙera indomi mai sakin hayaƙi, ƙarfi ya dawo har ya wuce na da, kuma da indomin a jiki.

Wannan dabarar ta raba bututu a baya ita ce ta cika titunanmu yau. Ku shiga rami ƙarƙashin Honda Accord mai V6, irin waɗanda ake kira EOD da DC, ko Camry V6 ta 2007. Za ku ga manifol biyu sun haɗu, bututu ɗaya ya bi tsawon mota, sai dab da tayoyin baya ya rabu zuwa tukwane biyu. Nissan 350Z, wadda motar wasa ce ta gaske, ita ma daga kamfani bututunta haɗewa yake yi a tsakiya. Wasu sababbin Marsandi da Audi ma sun wuce nan: bakin ƙyallin da kake gani a jikin bamba ado ne kawai, bututun gaskiya yana ɓoye yana kallon ƙasa. Saboda haka idan mai mota ya ce maka salansa biyu gare shi, kada ka tsaya a bayanta kana ƙirga bakuna. Sunkuya ka bi bututun da ido daga manifol zuwa ƙarshe.

Bari mu dawo gida, mu dubi hanyoyin da motocinmu suke bi. Wanda yake tashi daga Birnin Kudu ya nufi Kano ta Kwanar Huguma da Wudil, ko ya nufi Babaldu, yana kan kwalta, amma da zarar ya sauka zuwa ƙauye ranar kasuwa, sai burji da yashi da kwazazzabai, ga tudun rage gudu a kowane gari. Bututu na biyu yana nufin ƙarin nauyi, ƙarin robobin rataya, ƙarin mahaɗai, ƙarin wurin da dutse zai daka. Motar da aka ƙera don bututu ɗaya, hanya ɗaya aka fafe mata a ƙarƙashi, da faifan kare zafi a kanta. Ɗaya gefen kuwa nan tankin mai yake, ko bututun birki, ko wayoyi. Hayaƙi yana fita daga manifol da zafin da yake kai digiri 600 har ya wuce idan mota tana jan kaya. Mai walda da ya bi da sabon bututu kusa da tankin roba ko tiyon birki, ba tare da faifan kariya ba, ya ɗora rayukan mutane a kan wuta. Ina roƙon 'yan'uwana masu walda, don girman Allah, idan babu hanya a ƙarƙashin mota, ku ce wa mai ita babu. Kuma ku daina amfani da bututun ruwa mai rufin tutiya, hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, ku ne na farko da za ku shaƙa.

Akwai kuma tsatsa. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda, a matsayin tururi. Shi ne ɗigon da kuke gani a bakin salansa da sanyin safiya lokacin hunturu. Bututun da ya yi zafi sosai yana korar wannan ruwan. Manyan bututu biyu a kan ƙaramin inji ba sa saurin yin zafi, musamman ga mai gajeriyar tafiya daga gida zuwa kasuwa, sai ruwa ya kwanta a tukunya ya ci ta daga ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne indomi. Da yawa idan za a yi wannan aikin na salansa biyu, sai a yanke ta a ce tana rage wa mota ƙarfi. Wani lokaci ma mai mota bai sani ba, an fafe cikinta an sayar, domin akwai ƙarafa masu daraja a ciki, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ake saye da tsada. Mu faɗa wa juna gaskiya, wannan cin amana ne. Indomi mai lafiya kaɗan take tauye wa inji. Aikinta shi ne mayar da guba ta zama iska mai sauƙin illa, kuma babbar gubar ita ce kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau fiye da 200. Ita ce take kashe iyali a ɗaki idan an kwana da janareta a kusa. Motar da aka cire wa indomi, aka yi mata walda mai yoyo a ƙarƙashin kujera, aka loda mata fasinja aka rufe gilashi saboda ƙura ko sanyi, direban zai fara jin ciwon kai da gyangyaɗi yana zaton gajiya ce. Gyangyaɗi a kan sitiyari kuwa kun san inda yake kaiwa. Sannan akwai sensar da ke gaban indomi, wadda take gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta zuba. In an lalata ta, ko an bar yoyo kusa da ita tana shaƙar iskar waje, mota za ta riƙa zuba mai fiye da ƙima. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ban san mai motar da zai iya ɗaukar wannan asarar ba.

Ƙannena masu babura, ban manta da ku ba. Boxer silinda ɗaya gare ta, mafitar hayaƙi ɗaya. Salansa ta biyu a jikinta kaya ce kawai take ɗauka. Tsohuwar Jincheng mai bugu biyu kuwa, siffar salansarta wani ɓangare ne na aikin injin, in ka fafe cikinta ka zubar da ƙarfi da mai gaba ɗaya. Ƙarar da kuke ji bayan an cire raga, kunne ne yake gaya muku gudu ya ƙaru, agogon gudu bai shaida ba. Kuma kunnen nan yana ƙarewa. Masana lafiya sun sa iyakar ƙara a wurin aiki a desibel 85 na tsawon awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma yana ninka ƙarfin ƙarar. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Garin nan muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, marasa lafiya daga Gwaram da Buji har da maƙwabtanmu na Bauchi suna kwance a cikinta, ga makarantu, ga masallatai, ga tsofaffi da jarirai a gidajen bakin titi. Wasan mota da babur ranar ɗaurin aure ko da Sallah, da buɗaɗɗiyar salansa a tsakiyar gari, cutar da maƙwabci ne, kuma addininmu bai bar wannan a duhu ba.

Ga hukuncina. Mai V8, ko babban V6 da ake kai shi babban juyi a filin tsere, salansa biyu ta gaskiya tana yi masa amfani, da sharaɗin a haɗa ta da H ko X a tsakiya, kowane gefe da indominsa da sensarsa. Mai turbo ɗaya, bututu ɗaya mai faɗi ya ishe shi. Mai silinda 4, wato kusan dukanmu da ke ɗakin nan, bututu ɗaya daidai faɗin da kamfani ya sa shi ne mafi ƙarfi, mafi sauƙin mai, mafi daɗewa. In kana son motarka ta ƙara lafiya, kuɗin nan ka kai su ga gasket ɗin manifol, da robobin rataya, da fulogi, da matatar iska wadda ƙurarmu take toshewa cikin 'yan makonni. In kuwa manifol ɗin za a sake, a tabbata an haɗa silinda ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, kafin su zama ɗaya, domin fashewarsu 1, 3, 4, 2 take bi, kuma lanƙwasa ta zama mai laushi, ba yanka da liƙi mai kusurwa ba.

Shugabannin garejoji, yaran da ke ƙarƙashinku abin da suka ga kuna yi shi za su yi shekara talatin masu zuwa. Idan saurayi ya zo da hoto a waya ya ce a yi masa irin wannan, ku buɗe bonet tare da shi, ku ƙirga masa manifol, ku shigar da shi rami ya ga inda tankin mansa yake. In ya ji, alhamdu lillahi. In ya nace sai an yanke indomi ko an bi da wuta kusa da birki, ku mayar masa da makullinsa.